Sunayen Sinawa sun koma rubutun tsutsa a LDAP ɗinmu, ina ɓarakar take?

ƊanKusugu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wani abu, na ga gara in kawo shi nan. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin gine-gine a wajen garin Daura, kuma akwai injiniyoyi Sinawa da muke aiki tare. Kundin sunayen ma'aikatanmu OpenLDAP ne a kan Ubuntu, da shi kowa ke shiga Wi-Fi da imel da shafin ma'aikata. Da can da boko muka rubuta sunayensu, sai shugabansu ya nemi a sa na kowa da rubutun Sinanci don su riƙa gane junansu a jerin adireshi. Ya turo mani fayil ɗin CSV daga laftof ɗinshi, na mayar da shi LDIF, tsarin fayil ɗin da ake zuba bayanai da shi a kundin LDAP.

Da na ba da ldapadd, umarnin shigar da sunaye cikin kundin, sai ya ƙi karɓa, ya ce "Invalid syntax (21)". Na shigar da mutum uku da hannu ta Apache Directory Studio, sun shiga, amma a shafin ma'aikata sunan da ya kamata ya fito 王 sai ya fito çŽ‹. Na duba ta ldapsearch, can kuma abin da na gani a gurbin sunan dangi shi ne sn:: 546L. Ga wasu huɗu da abokin aikina ya shigar tun watan jiya, su alamar tambaya ce zalla. Shin OpenLDAP ne bai iya Sinanci ba, ko akwai abin da ake kunnawa?

Gobarau_Net:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ka fitar da kwafin kundin da slapcat ka aje gefe. Kada ka goge ko ɗaya tukuna.

Filin_Samji:
Injiniya mi ya kai ka wanga wahala? Ka bar masu sunansu da boko mana. Ai ko a fasfo ɗinsu akwai sunan da boko, kuma da shi suka shigo ƙasar. Aiki dai ya tafi.

'YarMarusa:
@Filin_Samji ba haka ba ne Yaya. Rubutun bokon nan nasu, pinyin, sauti kawai yake kamawa. 张 da 章 sunaye ne na dangi daban-daban, amma duka biyun Zhang ake rubutawa. In kana da mutum biyu masu sunan dangi iri ɗaya a boko kuma sunan yankansu ya yi kama, takarda ta sirri za ta iya tafiya wurin wanda ba shi ba. Shugaban nasu ya san abin da ya sa ya nema.

Rafindaɗi_Tech:
Wannan 546L ɗin kamar an ɓoye sunan ne da makulli. Ko kun kunna wani tsarin tsaro a sabar? Ni na taɓa ganin irinshi a wurin kalmar sirri.

Malam_Saba:
ƊanKusugu, sannu da fama. Hankalinka ya kwanta, OpenLDAP ɗinka lafiyarsa ƙalau, babu abin da za ka kunna. Tun da aka fito da LDAP na uku a 1997 aka ƙayyade cewa rubutu da UTF-8 yake tafiya, wato tsarin mayar da haruffa lambobin kwamfuta na Unicode, kuma UTF-8 yana ɗauke da Sinanci da Larabci da ƙ da ɗ namu gaba ɗaya. Abin da ke gabanka cuta huɗu ce daban-daban da suka haɗu maka a ɗaki ɗaya, har ɗaya daga cikinsu ma ba cuta ba ce.

In fara da 546L. @Rafindaɗi_Tech, ba makulli ba ne ƙanena, Base64 ne, hanyar naɗe bayani cikin haruffan Ingilishi da lambobi. Ƙa'idar LDIF ta ce duk abin da ya fita daga haruffan Ingilishi zalla a naɗe shi haka, kuma alamarsa ita ce ɗigo biyu sau biyu bayan sunan gurbin. Ka lura ya rubuta sn:: ba sn: ba. Ka buga echo 546L | base64 -d a tashar da ke kan UTF-8, 王 zai fito maka tsaf. Wannan shi ne albishir mafi girma a cikin saƙonka, don ya nuna mutum ukun da ka shigar da hannu suna zaune daidai a cikin kundin.

Sai çŽ‹. Harafin 王 bayit uku ne a UTF-8: E7 8E 8B. In manhaja ta ɗauki waɗannan ukun ta karanta su ɗaya-ɗaya da tsarin Turai ta Yamma, Windows-1252, sai E7 ya zama ç, 8E ya zama Ž, 8B ya zama ‹. Shafinku ne ke gaya wa burauza ƙarya game da irin rubutun da yake turo mata. Ka duba meta charset na shafin, ka kuma duba ko akwai AddDefaultCharset a saitin Apache.

Ƙin da ldapadd ya yi kuwa, zato na mai ƙarfi shi ne fayil ɗin da aka turo maka ba UTF-8 ba ne. Excel a kan Windows na Sinanci, in aka ce ya aje CSV na gama-gari, da GBK yake ajewa, wani tsarin rubutun Sinanci da Microsoft ke kira 936. A GBK 王 bayit biyu ne, CD F5, kuma wannan jerin haramtacce ne a UTF-8, shi ya sa sabar ta dawo maka da 21. Ta kyauta maka da ta ƙi, da ta haɗiye da aikin ya fi haka yawa. Ka gwada:

iconv -f GB18030 -t UTF-8 tsoho.csv > sabo.csv

Na ce GB18030 ne saboda ya haɗiye GBK da GB2312 duka, in ka sa shi ba ka rasa komai ba.

Na huɗun, masu alamar tambaya, su ne babu labari mai daɗi. Zan dawo kansu, an kira salla.

Rafindaɗi_Tech:
Na gwada yanzu, wallahi ya fito. Na gode Malam, yau na ƙaru. Shekara biyu ina ganin ɗigon nan biyu ban taɓa tambaya ba.

Maman_Hanif:
ƊanKusugu don Allah in za ka turo hoton allo ka rufe cikakkun sunayen mutane da lambobinsu. Sunan dangi ɗaya irin Wang, wato 王 ɗin nan, ba komai, miliyoyin mutane ke amsa shi, amma kada jerin ma'aikata ya shigo nan. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ko babu doka amana ce aka ba ka.

ƊanKusugu:
Gaskiya ne Hajiya, na kiyaye.

Malam_Saba Allah ya saka da alheri. Na duba shafin, iso-8859-1, shi ma tsarin Turai ta Yamma, ne rubuce a kanshi tun zamanin wanda ya gina shi. Na canza zuwa utf-8, mutum ukun nan sun fito daidai nan take. Na kuma bi da fayil ɗin ta iconv, na buɗe na ga haruffan sun zauna. To amma ldapadd har yanzu yana ba ni 21, sai dai yanzu ya ƙara da cewa "gecos: value #0 invalid per syntax".

Gobarau_Net:
Wannan wata ƙofa ce daban. Ba kowane gurbi ne a LDAP ke karɓar UTF-8 ba. Guraben suna, cn (cikakken suna) da sn da givenName da displayName, irinsu Directory String ne, suna karɓar kowane rubutu. gecos kuwa IA5String ne, haruffan ASCII, wato na Ingilishi zalla, kawai yake ɗauka, haka ma mail da homeDirectory. Da alama shirin da ya haɗa maka LDIF ɗin ya kwafi cikakken suna ya zuba a gecos. Ka sa pinyin a can, ko ka cire shi gaba ɗaya, ba dole ba ne a posixAccount.

Kuma kada wani ya ba ka shawarar ka shiga nis.schema ka canza irin gurbin. Yana yiwuwa, amma ran da ka sabunta sabar ko ka haɗa ta da wata za ka biya bashin.

Filin_Samji:
To kun gani? Daga ƙarshe dai pinyin ɗin da na ce shi za a sa.

'YarMarusa:
A gurbi ɗaya Yaya, ba a duka ba. Sunan shiga da adireshin imel su zauna da boko, wannan babu musu, don mai gadi ko direba ba zai iya buga Sinanci ba in zai tura saƙo. Amma sunan mutum na ainihi ya samu wurin zama.

Malam_Saba:
Na dawo. Maganar masu alamar tambaya. Akwai fuska uku da lalacewar rubutu ke zuwa da ita, kuma in ka iya bambance su ka gama rabin aiki. In ka ga 'yan akwatuna, bayanin na nan lafiya, kwamfutar ce ba ta da font mai zanen harafin. In ka ga rubutun tsutsa, yawanci bayanin na nan, an karanta shi ne da tsarin da ba nasa ba. Amma in ka ga ??? kuma ka tabbatar a cikin kundin ma haka yake, to an riga an maye gurbin harafin da bayit 3F, wato ainihin alamar tambaya. Babu iconv ɗin da zai dawo da shi. Ka duba da ldapsearch: in ka ga sn: ? da ɗigo biyu sau ɗaya, shi ke nan, sai dai ka koma wurin masu sunan su sake rubuta maka.

Yadda hakan ke faruwa shi ne a liƙa sunayen a Excel na Windows ɗin Ingilishi irin namu, a aje shi a CSV na gama-gari. Windows-1252 ba shi da gurbin Sinanci, sai ya cike da alamar tambaya. A sababbin Excel akwai zaɓin CSV UTF-8, shi za ka ce abokin aikinka ya riƙa ɗauka. Sai dai ka kula, wannan zaɓin yana saka bayit uku a farkon fayil, EF BB BF, waɗanda ido ba ya gani. In suka bi ka har cikin LDIF, layin farko zai ƙi karantuwa kana kallonsa kamar lafiya lau.

Ƙofar_Guga:
Mu Active Directory, kundin Microsoft, muke amfani da shi a wurin aikinmu a nan cikin Katsina, kuma na sha irin wannan ta wata hanya. A cikin kundin sunayen suna nan daidai, amma duk ran da na fitar da rahoto da PowerShell sai su koma alamar tambaya. Ashe Export-Csv a PowerShell 5.1 da ASCII yake ajewa in ba ka ce masa komai ba. Sai ka ƙara -Encoding UTF8. A PowerShell 7 sun mayar da UTF-8 ya zama na asali. Masu amfani da ldifde ko csvde kuma su tuna da -u. Sannan baƙin allon cmd ma yana da nashi, in ba ka buga chcp 65001 ba kuma ka zaɓi font mai Sinanci, za ka yi ta zargin sabar alhali allon ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro lokacin, wani ya ɗauki rahoton nan mai alamar tambaya zai mayar da shi cikin kundin a matsayin gyara. Allah ya sa na gani kafin ya danna.

Gobarau_Net:
Wannan na ƙarshen shi ne babban haɗari. Mu an taɓa yi muna makamancinshi: wani ya kwafi çŽ‹ daga shafi ya liƙa a cikin kundin, yana ganin ai sunan ke nan. Sai harafi mai bayit uku ya koma bayit bakwai, kuma sabar ta karɓa don a idonta halastaccen UTF-8 ne. In ka ga w6fFveKAuQ== a inda ya kamata ka ga 546L, to an naɗe shi sau biyu. Ana iya warware shi da iconv daga UTF-8 zuwa CP1252, amma ba kowane suna ke tsira ba. 李 misali bayit ɗinshi E6 9D 8E ne, kuma 9D ba shi da harafi a Windows-1252, sau da yawa a hanya yake faɗuwa.

Malama_Ƙanƙara:
Ina ta bin zancen nan shiru, don ni ba injiniya ba ce, rajistar ɗalibai nake riƙewa. Amma abin da kuke faɗa game da Sinawa shi ne ke samunmu kullum, mu da muke cikin ƙasarmu. Sunan garinmu Ƙanƙara na taɓa ganinshi a takardar sakamako an buga Æ˜anÆ™ara. Da na kai ƙorafi sai aka ce mani in daina sa masu lanƙwasa, in rubuta Kankara kawai. Haka Ɗanja da Ɗandume da Ɗanmusa duk aka aske masu lanƙwasa. Yanzu na fahimci ashe ba haruffanmu ne ke da laifi ba. Abin yana yi mani ciwo, don yaro ya taso yana ganin sunan mahaifinshi a rubuce ba daidai ba tun daga firamare har ya ɗauka haka ake rubuta shi. Baƙi da baki ba ɗaya ba ne, ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne.

Malam_Saba:
Malama, cutar ɗaya ce sak. ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 99, in aka karanta shi da Windows-1252 sai ya zama Æ™. ɗ kuma ya zama É—. Duk gyaran da ƊanKusugu ya yi yau domin Sinawa zai amfani kowane Ɗanladi da ke cikin kundinsa.

Filin_Samji:
A nan kam na yarda da Malama. Amma ku bari in faɗi abin da nike gani a aikace. In ka aje Ƙanƙara da lanƙwasa, wanda ya zo nema ya buga Kankara ba zai same shi ba. Mutum nawa ne ke da allon rubutun Hausa a kwamfutar ofis? Halan kun manta masu neman su ne suka fi yawa.

'YarMarusa:
Wannan tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne, sabar ba ta ɗaukar ƙ da k a matsayin abu ɗaya. Tana haɗa babba da ƙarami, Ƙ da ƙ, amma ba ta haɗa su da k. Mafita a OpenLDAP ita ce cn yana karɓar ƙima fiye da ɗaya. Ka sa sunan da lanƙwasa, ka ƙara sa shi babu lanƙwasa, duk wanda aka nema za a samu. Haka Sinawan: cn ɗaya da Sinanci, ɗaya da pinyin. Akwai ma hanyar yi masa lamba da harshe, cn;lang-zh da cn;lang-ha.

Allon rubutu kuma Windows na da na Hausa, Gboard ma na da shi a waya. Rashin sani ne ya fi rashin kayan yawa.

Ƙofar_Guga:
Gyara kaɗan Anti, domin masu irin namu. A Active Directory cn ƙima ɗaya yake ɗauka, kuma ba ya aiki da lang-zh ɗin nan. Mu sai dai mu sa ɗaya a displayName ɗaya a wani gurbin.

Alhaji_Tsohon_Ma'aikaci:
Yara, Allah ya yi maku albarka. Ni tambayata, ajami fa? In mutum ya ce da ajami yake son sunanshi, zai shiga?

Gobarau_Net:
Zai shiga Baba, haruffan Larabci na cikin Unicode. Abin lura kawai shi ne font ɗin da zai zana wasulan da alamomin da muka ƙara domin Hausa, da kuma manhajar da ta iya jera rubutu daga dama.

ƊanKusugu:
Barkanmu da safiya. Ga inda aka kwana. Na cire Sinanci daga gecos, ldapadd ya karɓi kowa. Mutum huɗun nan na duba, alamar tambaya ce har cikin kundin kamar yadda Malam ya ce, na je da kaina na same su suka buga mani sunayen a waya suka turo. Ɗaya daga cikinsu, dattijo ne, da ya ga sunanshi ya fito a shafin sai da ya kira na kusa da shi ya nuna mashi.

Saura biyu. Akwai mutum ɗaya da sunanshi ya zauna a LDAP, amma manhajar albashi da ke kwasar sunaye daga can zuwa rumbun bayanai na MySQL ta ƙi shi, tana cewa "Incorrect string value" sai wasu lambobi da suka fara da \xF0. Na biyu, na'urar danna yatsa ta bakin ƙofa akwatuna take nunawa a madadin sunan kowane Basine.

Malam_Saba:
F0 ɗin nan ya gaya maka komai. Harafin da ya fara da F0 bayit huɗu ne. Yawancin haruffan Sinanci uku ne, amma akwai waɗanda ba a cika amfani da su ba da aka ƙara a Unicode 3.1 a 2001, fiye da 42,000, kuma a sunayen mutane aka fi cin karo da su. Abin da tsohon MySQL ke kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka. Cikakken shi ne utf8mb4, yana nan tun 5.5.3. Sai an canza teburin, an kuma canza saitin haɗin da manhajar ke yi da rumbun, in ka gyara ɗaya ka bar ɗaya ba ka yi komai ba. Ka yi gwajin a kan kwafi, albashin mutane ne.

Kada kuma ka yarda a musanya masa harafin da wani mai kama da shi don a huta. In takardar albashi ta saɓa da takardunsa na gida, shi zai sha wahalar.

Rafindaɗi_Tech:
Na akwatunan ba sai ya saka Noto Sans CJK ba? Ni a Ubuntu fonts-noto-cjk na saka suka tafi.

Gobarau_Net:
A kwamfuta haka ne. Amma na'urar bakin ƙofa font ɗinta a cikin manhajar da aka gina ta da ita yake, ba ka da inda za ka saka sabo sai in masu ƙera ta sun ba da sabuntawa. ƊanKusugu ka duba ko tana bari ka zaɓi gurbin da take karantawa. In tana bari, ka nuna mata wanda ke da pinyin.

Wani abu da ban ji an taɓo ba: da mi ka gina DN ɗinsu, wato adireshin da ke bambance kowane mutum a cikin kundin? In cn= ne da Sinanci, ina ba ka shawara ka koma uid= da lambar ma'aikaci. Wasu manhajojin suna nuna shi \E7\8E\8B, kuma duk ran da aka gyara suna sai DN ya canza.

Malam_Saba:
A nan na ɗan saɓa da kai. DN da Sinanci halas ne a ƙa'ida, kuma \E7\8E\8B ɗin ma hanya ce da ƙa'idar ta yarda da ita, ba lalacewa ba ce. Dalilinka na biyu shi ne mai ƙarfi, kuma ya shafi kowane suna, ba na Sinawa kaɗai ba. In kundin ya riga ya yi shekaru a kan cn= ba zan ce ya rushe shi saboda wannan ba.

ƊanKusugu:
uid= ne tun asali, alhamdu lillahi. Na'urar kuma displayName kawai take karantawa, babu zaɓi. Shi kuma ƙima ɗaya yake ɗauka. In na sa pinyin, shafin ma'aikata da imel za su koma boko, abin da shugabansu ya nema ya tashi. In na bar Sinanci, mai gadi ba zai san wanda ya danna ba.

'YarMarusa:
Ka haɗa su a layi ɗaya, pinyin a gaba Sinanci a baya. Mai gadi zai karanta na farko ko da akwatuna sun biyo baya.

Filin_Samji:
Allon na'urorin nan ƙarami ne, harafi nawa zai ɗauka? Ni dai in ni ne, displayName pinyin, shafin kuma tunda naku ne ku gyara shi ya riƙa ɗauko cn;lang-zh.

Maman_Hanif:
Shafin za ku iya gyarawa, imel ɗin fa? Ku tambayi masu sunan wanne suka fi so kafin ku yanke masu.

ƊanKusugu:
Haka za a yi Hajiya, gobe in sha Allahu zan zauna da shugaban nasu in nuna mashi duka biyun a kan na'urar. Malama_Ƙanƙara, na kuma fara bin sunayen namu ɗaya bayan ɗaya, na samu goma sha ɗaya da aka cire wa lanƙwasa. @'YarMarusa in na ƙara cn na biyu, akwai buƙatar in sake gina fihirisa da slapindex, ko sabar za ta yi da kanta?